Rumbun Malam Sabi'u

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina cikin bas a hanyar zuwa aiki, muna ratsa gonaki an yanke gero an jingine, waya ta shigo. Hajiya Tabawa ce ta laburare. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Malama Bilki, Malam Sabi'u ya rasu."

Na ce, "Wane Malam Sabi'un?"

Ban san abin da ya sa na tambaya ba. Guda ɗaya muke da shi.

Ta ce ya dawo daga sallar asuba ya ce ƙirjinsa na masa nauyi. Kafin a samo mota daga bakin titi, rai ya yi halinsa.

Zan faɗa muku abin da na yi bayan ta kashe waya, ko da za ku ce ba ni da tausayi. Ban yi kuka ba. Rumbun na buɗe a wayata. Kun san network ɗin hanyar nan, sai da ya gama jan rai, sannan shafin ya fito. Komai yana nan daram, kamar mai shi bai je ko'ina ba.

A nan ne hawayen ya zo. Matar da ke kusa da ni ta ɗauka wayar ce ta lalace.

Ga waɗanda ba su san shi ba: Malam Sabi'u ma'aikacin laburare ne a kwalejin da nake koyarwa, can cikin karkara. Rumbun kuma shi ne wurin da ya gina a intanet, inda yake zuba binciken da ɗalibai suke rubutawa kafin su gama karatu, wato project, don kowa ya iya karantawa daga inda yake. Turawa suna ce masa repository. Shi bai taɓa kiran sa haka ba sai in baƙi sun zo.

Haɗuwarmu ba ta daɗi ba ce, kuma laifina ne.

Shekarar da na fara aiki, ranar kasuwa na sayi ƙosai. Na buɗe takardar da aka naɗe min, mai ya jiƙa ta, amma ana iya karanta saman: Babi na Uku. Project ne na wata ɗalibarmu, a kan yadda matan ƙauyensu suke adana irin wake a cikin toka. Na ɗauki hoto, na sa a nan shafina na Facebook, na rubuta: "Alhamdulillahi, binciken kwalejinmu ya fara isa ga al'umma."

Da yawanku kun yi dariya. Ni ma na ji daɗin kaina sosai.

Can ƙasa sai ga wani da ban sani ba ya rubuta: "Malama, gaskiya kika faɗa. Ki zo laburare ranar Litinin, akwai kujera."

Na tafi da shirin faɗa, har na tsara amsoshina a cikin mota. Na tarar da wani siririn dattijo, hularsa ta koɗe, hannunsa hannun manomi. Bai kare kowa ba. Ya ɗauki makulli ya kai ni sito.

Takardu ne jibge har kusa da rufi. Gara ta ci nata, ɓera ya ci nasa. A gefe guda kuma ga buhunan wake da gyaɗa, domin wasu ma'aikata sun gano cewa duk kwalejin babu ɗakin da ya kai wannan sanyi da kyawun ƙofa. In wuri ya yi kaɗan, takardu ake ragewa, ba buhuna ba. Wanda ya kwashe ya kai wa masu ƙosai kuwa, a ganinsa shara ya taimaka ya fitar.

Muka dawo, ya zaunar da ni gaban wata tsohuwar sikana, na'urar ɗaukar hoton takardu, ya ajiye min project guda.

Ya ce, "Kin iya rubutu, mun gani. Bari mu ga ko kin iya juya shafi."

Tun daga ranar nake juya shafi.

Kayan aikinsa kaf, kwamfuta ce da wani ofis ya yar, sai faifan sola a saman kwano, sai sikanar nan mai ƙara kamar injin markaɗe. Manhajar da ya ɗora rumbun a kanta irin wadda ake cewa open source ce: ba ta da mai ita, kowa zai iya ɗauka, ya leƙa cikinta, ya gyara, ya ba wani. Da kansa ya koya, da Turancinsa na tsohon zamani. In abu ya gagare shi sai ya rubuta tambaya a zauren masu amfani da ita, washegari wani daga ƙasar da bai ma san inda take ba ya ba shi amsa.

Na taɓa tambayarsa me mutanen nan suke samu.

Ya ce, "Ke 'yar birni ce. Gayya ce. An taru an yi wa kowa noma."

Wata rana wasu samari suka zo daga wani kamfani, da kwat da majigi, za su nuna wa hukumar kwaleji tasu manhajar. Ta yi kyau, ba ƙarya. Launi kala-kala, abu yana shigowa ta dama yana fita ta hagu. Manya suna ta gyaɗa kai. Da aka ce ko akwai tambaya, Malam ya ɗaga hannu daga kujerar baya.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, in kamfaninku ya tashi, a ina takardunmu za su kwana?"

Yaron ya ce kamfaninsu ba zai tashi ba.

Malam ya ce, "To, Allah ya sa. Ni dai a gona, irin da zan shuka in ajiye in ba maƙwabcina na fi yarda da shi, a kan wanda kowace damina sai na koma wurin mai shi."

Ba a sake kiran su ba. Ba a kuma yaba wa Malam ba, don kada ku ɗauka labarin fim nake ba ku.

Ba waliyyi ba ne. Yana da taurin kai na ban mamaki. Shafi ɗaya ya karkace, sai ya sa ka sake. Sau uku na yi fushi na bar wurin, sau uku na dawo, bai taɓa tambayata ina na shiga ba. Sai dai ya turo min kwanon dafaffiyar gyaɗa ta gonarsa ya ce, "A kwano na zuba, saboda ke. Kada gobe mu ga kanmu a Facebook."

Babbar gardamarmu a kan shafin sadaukarwa ce. Kun san shi, shafin farko inda ɗalibi yake cewa ya sadaukar da aikin ga mahaifiyarsa, da mahaifinsa, da kawunsa da ya saya masa keke. Na ce mu riƙa tsallake shi, ɓata lokaci ne, ba bincike ba ne.

Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce, "Malama, ke ce kike duba project ɗin nan. Kin fi ni sanin cewa a wasunsu, wannan shafin ne kaɗai ɗalibin ya rubuta da kansa."

Na sallama, na ɗora shafin a kan sikana. Ba kasafai hakan take faruwa da ni ba.

Bayan wasu watanni wata mata ta zo da goyo, ta tsaya a bakin ƙofa tana jin kunyar shigowa. Mijinta tsohon ɗalibinmu ne, ya rasu, kwafin da yake gida kuma ruwa ya lalata shi. An ce mata ko a nan za a samu. Na takarda kam babu, ya bi hanyar ƙosai. Malam ya rubuta sunan mijin a rumbu, sai ga shi. Ya buɗe shafin farko. Sunanta ne a kai.

Ba ta iya karatun boko sosai ba, amma ta gane sunanta. Ta sa yatsa a kan gilashin kwamfutar ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Malam ya buga mata shafin, ya sa a leda saboda damina. Bai ko kalle ni ba. Da ya kalle ni ma da ya fi min sauƙi.

Ranar Alhamis da ta wuce muka yi ganin ƙarshe.

Ya kai ni sito ya nuna min abin da ya rage: takardun da ke jere a jikin bango ɗaya, mafiya tsufa, waɗanda aka buga da keken rubutu. A cikinsu akwai hirarraki da tsofaffin da yanzu duk sun kwanta dama, sunayen dawa da gero da an daina shukawa, tarihin rijiyoyi da kasuwannin ƙauyukan nan. Babu su a ko'ina sai a bangon nan. Takarda kuma ta fito daga sama cewa ƙarshen watan nan za a miƙa ginin ga 'yan kwangila, a kwashe komai. Masu buhuna tuni sun kwashe nasu. Takardu kuwa, mun san inda suke zuwa in an ce a kwashe.

Sai ya ciro wani littafi mai bangon kwali ya ba ni. Ya ce duk yadda ake tafiyar da rumbun yana ciki, da Hausa, ɗaya bayan ɗaya: yadda ake zuba sabon aiki, yadda ake ajiye kwafi na biyu, abin da za a yi in ya ƙi buɗewa. Ya ce ya riga ya buɗe mana ni da Hajiya Tabawa ƙofar shiga daidai da tasa.

Na ce, "Malam, ina za ka kake rabon gado?"

Ya yi dariya. Ya ce, "Gona za ni, hutun mako ɗaya na ɗauka. Amma aikin da mutum ɗaya ne kaɗai ya iya, wannan ba ilimi ba ne, Malama, rowa ce."

Na jefa littafin a jaka ban ko buɗe ba. Na ce sai ya dawo.

Yau na je gidan rasuwar. An kai shi tun hantsi. Gidan ƙasa ne a tsakiyar gonaki, ga damman geronsa a tsakar gida ba a kai ga sa su a rumbu ba. Matarsa ta riƙe hannuna ta ce, "Ke ce mai ƙosai?" Ashe har gida an san ni.

A hanyar dawowa na buɗe littafin. Shafin farko ba bayanin kwamfuta ba ne. Da rubutunsa mai kwanciya ya sa:

"Sadaukarwa: ga duk wanda ya ci gaba. Kada a tsallake shafi."

To, ba za a tsallake ba.

Na ga wasu har sun fara rubuta cewa shi kenan, rumbun ya mutu da mai shi. Ku kwantar da hankalinku. Mutumin nan bai gina abin da zai bi shi kabari ba. Manhajar ta kowa ce, littafin yana jakata, sola tana kan kwano. Abin da babu shi ne hannuwa, kwanakin kuma kaɗan ne.

Saboda haka gayya nake kira. Ranar Asabar, bayan an yi addu'ar uku, daga ƙarfe takwas na safe a laburare. Tsofaffin ɗalibai, malamai, da ku da kuka yi dariya a ƙarƙashin hoton ƙosai, na san sunayenku. Sikana ɗaya ce, don haka duk mai waya mai kyamara mai kyau ya zo da ita da cajinta. Ba sai ka iya komai ba, juya shafi ne, ni ma a nan na koya. Abin da bai ƙare ba ranar, mu dawo Asabar ta gaba. Abinci a kaina, amma Hajiya Tabawa ce za ta dafa, kada ku tsorata.

Bangon nan ba zai je kasuwa ba, in sha Allahu.

Ya Allah, ga bawanka Sabi'u ya zo gare ka. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi. Duk shafin da wani ya buɗe ya amfana, ka kai masa ladan har inda yake kwance. Ka ba iyalinsa haƙuri, ka sa albarka a abin da ya bari.

Wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya wuce bai yi masa addu'a ba. Ko ba ka san shi ba, ka ce Allah ya ji ƙan Malam Sabi'u. Wanda kuma zai zo ranar Asabar, ya yi addu'ar, sannan ya rubuta sunansa a ƙasa.