Ƙwarin Teku da Ruwan Randa

Wata rana aka zalunci wani bawan Allah a Funtuwa.

Dattijo ne mai kyan gemu, wanda in ya kafa hula har masu babur kan rage gudu. Amma kwana uku cur 'yarsa Suwaiba tana gaishe shi ba ta kallon idonsa. Jama'a, ina aka taɓa yin haka?

Ga yadda aka yi.

Suwaiba ɗaliba ce a jami'a. Ta yi sati biyar a bakin teku a Badagiri tana tsintar wasu 'yan ƙwari masu tsalle, dangin ƙaguwa, ba su kai ƙwayar gyaɗa ba. Wai za a karanta rubutun da ke cikin ƙwayoyin halittarsu, a gano yadda suka baro ruwa suka koyi zaman tudu. Da su za ta gama digirinta, kuma da ransu ake son su.

Ta biyo gida, ta ajiye su a zaure cikin akwatin yashi mai danshi, ta tafi gaida kakarta.

Dattijo ya leƙa. 'Yan teku a kan yashi? Shi da ya taɓa kiwon tarwaɗa? Tausayi ya kama shi. Ya ɗebo ruwan randa, ya cika akwatin fal, ya koma yana jiran godiya.

Kafin la'asar ko ɗaya ba ya motsi.

"Baba, wa ya zuba musu ruwa?"

"Uwata, ai zafin Funtuwa ne ya..."

"Baba, hannun rigarka bai bushe ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauki akwatin ta zagaya bayan gida ta wanke. Da zagi ta yi, da ya fi sauƙi.

To, tunda kun matsa: dattijon ni ne. Har da gemun.

Yanzu haka muna cikin mota ni da ita, za mu tsinto wasu, mun wuce Kontagora. Ta ce aikina a Badagiri durƙuso ne a yashi, da riƙon akwati, da yin shiru.

Darasi: Kafin ka yi wa wani alheri, tambayi inda ya koma da zama. Wani ya daɗe da barin ruwan da kake ɗebo masa.

Ku tura wa duk uban da ya san komai. Ban da surukaina, don Allah.