Ummaru Ƙasan Mota da Tsofaffin Jif

Da yawa a Jega sun fi sanin tafin ƙafar Ummaru a kan fuskarsa. In ka zo masa da tsohuwar jif, irin motocin nan masu shiga daji da yashi, ba ya tsayawa gaisuwa. Zai cire hularsa ya miƙa maka, ya ce, "Bari in ga ƙasanta." Kafin ka amsa ya shige, ƙafafu kawai a waje. Daga can ciki ne za ka ji, "Kun zo lahiya? Ina gajiya?"

Taubashina ne, ɗan ƙanen mahaifiyata, don haka ina da izinin tona masa asiri ko yanzu da ba ya nan. Ni Garba nake, sana'ata albasa a Aliero. Shi kuwa ya yi shekaru yana tuƙa jif ɗin malaman gona, daga baya ya koma gyaransu a gareji. Kayan aikinsa uku ne: mayen ƙarfe da ya ciro daga wata matacciyar rediyo, guntun alli, da tocila wadda sai an buga ta a gwiwa take kamawa. Na sha yi masa tayin sabuwa, ya ce wannan ba ta yi masa laifin komai ba.

Ranar sunan jikana ma bai bar halin ba. Wani baƙo ya zo da tsohuwar jif koriya. Ana shirin addu'a aka nemi Ummaru aka rasa, sai ga ƙafafunsa a ƙarƙashin motar, da farar babbar riga. Liman ya yi addu'a, muka shafa, muka ji "amin" daga ƙasa.

A da kowa dariya yake yi masa. Sai kuma aka wayi gari masu kuɗi daga manyan birane suna aiko mutane neman waɗannan tsofaffin motocin, ba don ɗaukar kaya ba, don a wanke su a ajiye ana kallo. Wadda ta fi tsufa, wadda ba a sauya mata komai ba, wadda irinta ba ta da yawa, ita ta fi daraja. Daga nan 'yan haɗe-haɗe suka taso, daga nan kuma kowa ya koma neman Ummaru.

Ni ne na fara shan hannunsa. Shekarar da albasa ta yi kyau, na saci jiki na sayi wata jif a kasuwar Jega ban gaya masa ba. Fenti sai sheƙi, mai sayarwa ya rantse tun da ta fito daga masana'anta ba a taɓa kwance mata ko ƙusa ba. Na samu mai saye daga Abuja, na kira Ummaru don ya sa albarka kawai. A hanya na ce masa, "Direba, ka tuna ni ɗan uwanka ne."

Ya ce, "Mai Albasa, ban manta ba. Kai ne ka manta da ni ranar saye."

Ya shiga ƙasa ya daɗe. Ya fito ya zagaya yana manna mayen ƙarfensa a jikin motar. Irin wannan jif ɗin jikinta alminiyam ne, mayen ƙarfe ba ya kama shi. A gaba ya faɗo ƙasa, a ƙofa ya faɗo, da ya zo baya sai ya manne. Ummaru ya ja da baya, ya ɗan rusuna ya ce wa motar, "Sannunku."

Mai saye ya ce, "Malam, su wa kake gaisarwa?"

"Su ukun, ranka ya daɗe. Gaban ga na motar likitan dabbobi ne, na san ta. Injin na wata ce da ta faɗa gulbi. Bayan kuma nan Jega anka ƙera shi, kuma mai waldar ya yi ƙoƙari."

Na ce, "To lambar fa? Ai ga lamba a shasi." Shasi shi ne ƙashin mota, ƙarfen da komai ke zaune a kai, kuma a jikinsa ake buga lambarta ta asali.

Ya goga alli a kan lambar, ya hure, ya kira ni. "Sunkuya, Mai Albasa. Dubi wanga bakwai ɗin. Ka ga wutsiyarsa a karye? Ƙarfen buga lamba mai karyayyen bakwai guda ne a duk ƙasar ga, kuma ni na karya shi da hannuna. Nan anka buga lambar ga, ba a masana'anta ba."

Mai saye ya yi godiya ya tafi. Na yi wata biyu ba na yi wa Ummaru magana. Shi kuwa duk inda muka haɗu sai ya tambaye ni, "Yaya iyalin naka su uku?" Har yau da motar nake jigilar albasa, kuma gaskiya su ukun suna aiki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake sani. Bai yi karatun boko sosai ba, bai da littafi, bai taɓa riƙe babbar waya ba. Na taɓa tambayarsa, ya ce, "Kai in an kawo maka albasar Aliero da ta wani gari, littafi kake dubawa?" Sai dai akwai mota ɗaya da ya yi shekara talatin yana cigiyarta. Gajeriyar jif ce mai buɗaɗɗen baya, tana da wani sandan ƙarfe a ƙarshenta da ke juyawa in an sa giya, ana ɗaura masa injin ban ruwa ko na niƙa. Sau ɗaya ya taɓa ganinta yana saurayi. Mutane har sun fara cewa mafarki ya yi.

Wata rana na je Mungadi duba gonar wani, na ga masu sayen tsohon ƙarfe sun kewaye wani abu a bayan gidan wata tsohuwa, Inna Kulu. Mota ce ta marigayin mijinta, tayoyi sun nutse, kabewa ta hau kanta. Sun yi ciniki a kan ƙarfe, washegari za su zo su yanka ta. Da na koma na ba Ummaru labari don mu yi dariya, na ce har da wani sanda a bayanta kamar wutsiya. Ya ajiye kofin shayinsa.

"Mi ka ce?"

"Wutsiya."

"Tayar da babur."

Da muka isa, ko sallama bai gama ba ya shige ƙarƙashinta. Inna Kulu ta fito ta ga ƙafafu, ta tambaye ni ko lafiyarsa ƙalau. Na ce mata haka aka haife shi. Ya fito da yanar gizo-gizo a gemu, idanunsa sun kawo ruwa. Ya ce, "Inna, ita ce. Lambar shasi ba a taɓa ta ba. Ƙusoshin jikinta duk na asali ne. Kada ki bari a yanka ta."

Ta ce, "Ɗana, ɗakina na yoyo. Da kuɗin zan sayi kwano."

"Ki ba ni sati guda, Inna. In ban kawo wanda zai saya da darajarta ba, ni zan hau in rufa miki ɗakin."

Washegari masu ƙarfe suka zo suka same shi zaune a kan murfin injin motar, ya tanƙwashe ƙafa. Suka ce an riga an yi ciniki. Ya tambaye su ko sun ba da wani abu, suka ce a'a. Ya ce to su fara yankawa daga inda yake zaune. Suka yi ta faɗa, yana cin goro, har rana ta gaji da su.

Kwana biyar sai ga wani Alhaji daga Legas wanda Ummaru ya aika wa labarin motar, da kansa ya zo. Saura abu ɗaya a tabbatar: akwai ƙaramin farantin ƙarfe mai lamba a jikin akwatin da kujerar direba ke kai, dole lambarsa ta zo daidai da ta shasi. Ummaru ya buɗe ƙofa, ya tsaya, ya sake rufewa a hankali.

Alhaji ya ce, "Lafiya?"

"Akwai mai ɗaki a ciki."

Kazar Inna Kulu ce ke kwanci a kan ƙwai, daidai wurin. Alhaji ya ce a ɗaga ta, zai biya kazar da ƙwanta har da kakarta. Ummaru ya tambayi Inna kwana nawa suka rage, ta ce kamar takwas. Ya juyo ya ce, "Ranka ya daɗe, motar ga ta jira ka shekara da shekaru. Kai ma ka jira ta kwana takwas."

Mutumin nan ya yi fushi, ya yi lallashi, ya kira ni gefe ya ce in yi wa ɗan uwana magana. Na ce masa ni ma ina da tabo. Haka ya kama masauki a Jega, kullum yana aiko direbansa ya tambayi lafiyar kaza. Ranar da ta ƙyanƙyashe, Ummaru ya kwashe 'yan tsakin a hularsa, ya goga alli, lamba ta zo daidai. Inna Kulu ta rufe ɗakinta, ta kuma haƙa rijiya a gonarta. Da Alhaji ya tambayi Ummaru ladansa, sai ya ce a bar shi ya tuƙa ta in an tayar da ita. An tayar, ya zagaya garin sau ɗaya, ya sauko ya miƙa mukulli.

Amma sau ɗaya ya yi kuskure. Wani malamin makarantar allo a Maiyama, Malam Bello, ya so sayar da jif ɗin da ya gada. Ummaru ya duba a gaban jama'a, a ƙofar masallaci, ya ce an sauya farantin lambar, domin da noti aka ɗaure shi ba da ƙusar asali ba. Mai saye ya tafi. Malam Bello bai yi musu ba, cewa kawai ya yi shi haka ya taso ya gan ta. Amma magana ta bazu, har wasu suka fara yi masa kallon maha'inci.

Bayan kusan shekara, lokacin ciwon ƙirji ya kama Ummaru sosai, aka kai shi garin Liba ya ga wata jif irin ta Malam Bello, wadda ke ajiye a rumfa tun zamanin iyayenmu. Ba ya iya kwanciya ƙasa, ni ya sa na leƙa. Na ce masa noti ne. Ya ce in sake dubawa. Na ce noti ne, iri ɗaya da na Maiyama. Sai ya ce, "Ashe haka anka yi su a wannan shekarar. Garba, na zalunci malamin can."

Rabon da ya kira ni Garba har na manta.

Na ce mu kira shi a waya. Ya ce a'a, a gaban mutane ya faɗa, a gaban mutane zai janye. Ranar Juma'a na ɗauke shi, muna tafiya muna tsayawa yana tari. Bayan an idar da salla ya dafa kafaɗata ya miƙe a ƙofar masallacin, ya ce, "Jama'a, ni ne na ce an sauya lambar motar Malam Bello. Ba a sauya ba. Ni ne ban sani ba. Malam, ka yahe mini."

Malam Bello ya riƙe hannunsa ya ce ya yafe tun ranar. Ummaru ya ce, "To duk da haka birkinta ba shi da kyau, ka gyara."

Kwana goma sha ɗaya bayan nan ya rasu. Malam Bello na cikin waɗanda suka yi masa wanka. Da muka dawo daga maƙabarta ya zauna kusa da ni ya ce, shekarunsa sittin, ba a taɓa biyo shi har gida don a gyara masa suna ba sai wannan karon.

Allah Ya jiƙan Ummaru, Ya yafe masa kamar yadda ya nemi yafiya da ƙafarsa, Ya haskaka masa makwancinsa. Mu da muka rage, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.