Ƙwallon Dabino Biyu

Kawu, ƙanin mahaifiyata, wata shida kacal ya yi yana tuƙa wani Ba'amurke a tashar jiragen ruwa ta Jidda, amma sai ka rantse a Amurka aka yanke masa cibiya. Kullum bayan la'asar sai ya baje a gidanmu a unguwar Bani Malik, yana shan shayin da na dafa, yana yi mana karatu: can duk shekara huɗu ake zaɓen shugaba, jam'iyya biyu ce, ɗaya alamarta jaki, ɗaya giwa. Na ce, "Kawu, su rasa abin bi sai jaki?" Ya ce mace ba ta san siyasa ba. Shi da ya sani, bai taɓa gaya mana cewa baƙaƙen fata irinsa kulki suke sha in sun je layin zaɓe ba. Wannan a rediyo muka ji.

Baba ne shugaban Hausawa 'yan dako a tashar, shekara da shekaru. Ba wanda ya jefa masa ƙuri'a, dattawa ne suka ce shi ne, halas, magana ta ƙare. Kawu ya yi ta zuga har aka yarda a yi ƙuri'a irin ta Amurka, a asirce, shi da Baba. Da yake yawancinsu ba su iya rubutu ba, sai aka ajiye gwangwani a bayan labule a tsakar gidanmu: ƙwallon dabino na Baba, tsakuwa ta Kawu.

Baba ko a jikinsa. Duk wanda ya shigo sai ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi muna tare." Da aka ce ya shiga ya jefa tasa, ya ƙi, wai da kunya mutum ya nuna kansa. Ina Kawu ya ga kunya? Shi ya fara shiga.

Aka zazzage gwangwani a kan tabarma, ina leƙe ta taga. Tsakuwa tsibi guda. Ƙwallon dabino biyu. Biyu! Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kawu ya miƙa wa Baba hannu, wai haka ake yi a can. Baba ya karɓa, ya ce Allah ya taya riƙo.

Ba rashin shugabancin ne ya ci Baba ba. Yayyena uku ne, duk 'yan dako, kuma duk sun shiga bayan labulen nan. Da na kai abinci, ya zauna da su a faranti ɗaya kamar kullum, yana duban hannuwansu. Bai tambayi kowa ba. Washegari ya ce in riƙa zuba masa nasa daban.