Goron Direba

A Zongon Kumasi, duk wanda ya taɓa shiga jirgin ƙasa a da ya san Mma Samiratu. Tun tana budurwa take sayar da wake da shinkafa a tasha, tana miƙa ƙunshin ganye ta taga, tana zagin masu neman ƙari. Direbobi kuwa duk 'ya'yanta ne, har waɗanda suka girme ta. Da jirgi ya mutu, ciyawa ta cinye layi, ta kwashe tukwanenta ta koma unguwar Bantama, amma bakinta bai mutu ba.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne ƙanwarta Mariyama, wadda aure ya kai wani ƙauye a bakin layin dogo, can cikin daji. Da jirgi, tafiyar hantsi ce. Da mota kuwa, sai a sauke ka a bakin titi ka hau babur, ga gwiwoyin Mma sun daɗe da yin murabus. Shekaru suka ja, sai waya. Ga Mariyama kullum ba lafiya, kullum kuma cewa take da sauƙi.

Sai wani kamfani ya gyara wani yanki na tsohon layin, wai don masu yawon buɗe ido. Sulemana, ɗan Mma, ya gaya mata ɓaro-ɓaro cewa jirgin ba ya tsayawa a ƙauyuka. Ta dube shi sheƙeƙe. Yaushe aka haife shi? Ai da ma can jirgi bai taɓa tsayawa a ƙauyen Mariyama ba. Goro ake kai wa direba, a gaishe shi, a tambayi iyali, in an zo wurin ya rage gudu ka sauka. Ta sa ya sayi tikiti, ta buga wa Mariyama ta ce a fito da ita bakin layi ranar Asabar.

Ranar ta ɗauro fararen goro, manya, a ɗanyen ganye. Jirgin ya sha fenti, ciki sanyi kamar firji, ba kaji, ba kwandon bushasshen kifi, ba wanda ya yi wa wani sallama. Ta nemi direba, aka ce yana gaba a kulle. Wata ma'aikaciya, Faridatu, 'yar unguwar Dichemso, ta karɓi goron hannu biyu.

"Ki ce masa Samiratu mai wake ce. Ƙauyen da ke bayan gada."

"Mma, mepaakyɛw, don Allah ki yi haƙuri, wannan jirgi ba ya tsayawa ko'ina fa."

"Ke dai kai masa."

Yarinyar ta ɗauka kyauta ce. Mma tana kallo ta kwance ganyen, ta bi kujera-kujera tana nuna wa baƙi goro, tana bayani da Turanci, suna gutsura suna yamutsa fuska. Mma ta ja tsaki, ta mayar da fuska taga.

Jirgi ya tsaya kuwa, amma a tsakiyar gada, inda ba kowa sai ruwa da bishiyoyi, don a ɗauki hoto. Aka daɗe a nan. Da aka iso inda mutane suke, sai ya wuce abinsa. Ga Mariyama a kujerar roba ƙarƙashin mangwaro, ta sha mayafin Sallah, tana bin tarago ɗaya-ɗaya da ido. Mma ta lalubi marfin taga, babu. Ta buga gilashin da tafin hannu, ta kira suna. Gilashi ne mai duhu, na waje ba ya ganin na ciki. A dawowa ma haka aka yi, sai dai rana ta juya, an matsar da kujerar.

Wata baƙuwa da ke kusa da ita ta miƙo waya tana murmushi, ta nuna mata hoton da ta ɗauka: tsohuwa a ƙarƙashin bishiya. Faridatu ta fassara, wai ta ce ƙauyen ya yi kyau.

Mma ta karɓi wayar ba tare da neman izini ba, ta kawo ta dab da ido, ta daɗe tana dubawa. Wuyan Mariyama ya zama kamar sillen kara.

"Gaya mata ƙanwata ce," in ji ta. "Da ma ƙarya take mini a waya. Ba sauƙi."