Ranar da Aka Ce Akawu Ya Goge BASIC

A ƙarshen shekarun casa'in ina koyar da lissafi a wata sakandare a Gwandu. Kwamfuta ɗaya tak gare mu, kuma muna lallaɓa ta fiye da shugaban makaranta. Da zanen atamfa ake lulluɓe ta, sai an cire takalmi ake shiga ɗakinta. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya haɗa ta, shi ke koya wa yara yaren BASIC, wanda da shi ake rubuta mata abin da za ta yi. Kullum yakan riga mu shiga ya kunna, mu tarar da ita a shirye. Ba wanda ya taɓa tambayar yadda yake yi.

Da ya gama bautarsa ya tafi, darasin ya dawo kaina. Na kunna, na buga sunan BASIC cikin isa, sai ta ce ba ta san wannan umarni ba. Na sake, na sake, amsar dai ɗaya ce.

Nan take aka tuna cewa akawunmu, mai buga takardu da tafireta, yakan zauna a gabanta bayan an tashi, yana koyon madannai. Mutum ne mai kunya, ga iyali da yawa, kuma aikinsa na wucin gadi ne. Shugaba ya kira shi gaban malamai.

“Kai kad dinga taɓa ta, ko ba kai ba?”

“Ni ne, ranka ya daɗe, amma ban goge komi ba.”

“To mi ya hana ta aiki? In ba ta tashi ba, ka nemi wani wuri.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san akawun nan, ko allura ba ya ɗauka sai ya tambaya. Amma ba ni da hujja, ni kaina ban fi shi sanin na'urar ba. Na hau babur ɗina na nufi Kalgo, inda aka ce akwai wata ma'aikaciya a wani ofis da ta yi kwas ɗin kwamfuta a Sakkwato.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta yi dariyar da ban so ba.

“Malam, wanga abu bai ɓace ba. Shina nan cikin wani ɗaki na cikin kwamfutar. Ita ko yarinya ce marar wayo, in an aike ta, inda take tsaye kawai take dubawa. Sai kun hwaɗa mata hanya.”

Ta zaunar da ni gaban tata kwamfutar. Ta nuna min fayil ɗin da kwamfuta ke karantawa duk sanda aka kunna ta, AUTOEXEC.BAT, da layin da ke farawa da PATH, inda ake jera wuraren da za ta leƙa. Ashe ɗan bautar ƙasarmu da hannu yake shiga wurin da BASIC yake kullum, bai taɓa ƙara shi a layin ba. Ta sa na yi ta bugawa har ya zauna min, tana yi min tsiya wai malamin lissafi guda yana neman harafi da yatsa ɗaya.

Washegari na tarar da akawu a zaune a baranda, ya ƙi shiga ko ofishinsa. Na ja shi muka shiga, shugaba na biye da mu. Na lalubo inda BASIC yake, yana nan lafiya ƙalau. Na ƙara wurin a ƙarshen layin, na adana, na kashe, na sake kunnawa. Na buga sunan. Allo ya share, ya kawo rubutun da muka saba gani, yana jiran umarni.

Wata irin ajiyar zuciya na yi. Shugaba ya yi gyaran murya ya ce dama shi bai yanke hukunci ba, sannan ya tuna yana da aiki a ofis.

Na juya ina dariya, ina jira akawu ya yi murna. Ya daɗe yana kallon allon, idanunsa sun kawo ruwa.

“Malam,” ya ce a hankali, “wallahi tun jiya ni kaina na yarda ni na goge shi.”