Kaurin Kunun Yaya Hajo

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayata Hajo, mai kunun Ƙofar Rini, Allah Ya jiƙan ta. Ban yi kuka ranar da aka fita da ita ba, har yau ma ban yi ba.

A wurinta kunu ba ɗaya ba ne, kuma kaiton wanda ya haɗa mata su. Na kanwa na mai jego ne, na tsamiya na buɗa-baki, koko na safiya da ƙosai, kunun zaƙi kuwa sai taro, a sha shi da sanyi. Ka je ka ce a ba ka kunu kawai, sai ta kalle ka sama da ƙasa ta ce, "Wane? Ko tuwo ma suna garai."

Da za ta ga na yanzu da ake jerawa cikin robobi a firji, duk zaƙi ɗaya, babu mai tambayar wa zai sha, na san tsaki kawai za ta ja ta wuce. Ni dai ina saya ina sha, ba na jin ɗanɗanon komai.

Amma wanda aka fi sanin ta da shi kunun gyaɗa ne na marasa lafiya. Ba ta tambayar mai jiki. Za ta shiga ta duba shi, ta koma gida ta dama. In kwanon ya iso da kauri, har da tsakin shinkafa, mutanen gida su yi hamdala, mai jinya zai tashi. In ya iso tsinkakke, wanda ake ɗiga wa mutum da cokali, to a fara kiran na nesa. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, mu a unguwarmu murfin kwano muke ɗagawa. Rai na Allah ne, ta sha faɗin haka, ita maƙogwaro kawai take dubawa. Da nata ciwon ya yi nisa, da bakinta ta sa 'yarta Luba ta ƙara wa kunun ruwa. Ina zaune ina ji.

Bana maigidana Malam Umaru ne a kwance. Tun da ya bar aiki a kamfanin siminti na Kalambaina tari ya kama shi, yanzu magana ma sai da kyar. 'Ya'ya na ta cewa da sauƙi, ni ma haka nake faɗa wa duk mai kira a waya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, Luba ce ta gaji muciyar, ita ke zuwa dama masa.

Ban san ko gode wa Yaya zan yi ba a kan wannan gado. Ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, ido ta bar mana, kuma idon ba ya rufuwa ko ka so.

Jiya Luba ta fito daga ɗakinsa ta tsaya a bakin murhu, ludayi a hannu, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Inna," ta ce, "in ƙara mai ruwa?"

Na dubi tukunyar. Na ce, "Ƙara, ɗiyata." Sannan na ɗauko waya na fara kiran na nesa.