Lemon Kwalba da Hantar Baba

Tsss! Haka murfin lemon kwalba yake yi idan Baba ya ɓalle shi a ƙofar gida bayan la'asar, sai ƙamshin lemon ƙarya ya biyo iska har soro, inda nake zaune da littafina ina kallon inuwar darbejiya tana rarrafe a bango. Ina sakandare a lokacin. An ƙaddamar da Shari'a ba da daɗewa ba, abubuwa kuma sun yi tsada har maƙwabta na sayen man gyaɗa a cokali.

Baba ɗan kasuwar hatsi ne, yana cin kasuwar Gwarzo da ta Kabo. Ya ajiye tumbi, abin da mutanenmu ke kira hutu. Shi ake turawa gaba a masallacin unguwa duk ranar da liman ba ya nan, kuma na san wannan ya fi masa shagonsa daraja.

Da ciwon gefen dama ya matsa masa, aka yi masa hoto a wani asibiti a Kano. Likita ya ce kitse ne ya taru a hantarsa. Sannan ya tambaye shi, a gaban abokin da ya raka shi, ko yana shan giya. Baba ya ce a'uzubillahi. Amma tambayar ta riga shi isowa gida.

'Yan majalisar ƙofar gidanmu, dattawa masu furfura da carbi, waɗanda ba su taɓa barin tsiren Baba ya huce ba, su suka yi rainon maganar.

"Alhaji, ashe hanta ma tana ƙiba?" in ji ɗaya.

"Ni dai na ji an ce ciwon 'yan Sabon Gari ne," in ji wani, yana sakace. "Allah dai Ya rufa asiri."

Aka yi dariya, har da Baba, irin wadda ba ta kai ciki ba. Ranar da liman ya yi tafiya, sai aka tura wani gaba.

A kasuwar Kabo ya gamu da mai mota da lasifika yana ta ihu: "Bitamin daga waje! Mai hana jiki tsatsa! Yana wanke hanta kamar sabulu!" Baba ya dawo da kwalbar wasu ƙwayoyi masu laushi, ruwan zinariya. Sun yi mini kyau, kamar an ɗaure ɗigon rana a leda.

Daga nan ya sa a riƙa ajiye kiret na lemo a ƙofar gida kullum. Yakan ɗaga kwalbar sama yadda mai wucewa zai ga abin da ke ciki, ya jefa ƙwaya ɗaya a baki, ya kora. Dattawan kuma su miƙo hannu. Bakin da ya ci namansa shi ya sha lemonsa, ba ko kunya.

Inna ta tare shi a tsakar gida. "Alhaji, ba cewa likita ya yi ka rage zaƙi da maiƙo, ka riƙa tafiya a ƙasa ba?"

"In na tako a ƙasa su ce na karye. In na daina shan lemo su ce akwai abin da nake sha a ɓoye." Ya girgiza kwalbar ƙwayoyin. "Ba ga mai wanki nan ba?"

Dabarar ta ci. Kafin damina ta zagayo an sake tura shi gaba, ya ja sallah da muryarsa mai sanyi. Ya ci gaba da ajiye kiret shekaru, don kada maganar ta farfaɗo. Tumbin ya ƙaru, daga baya idanunsa suka koma launin ƙwayoyin nan. A zaman makokinsa na ji dattawan ta bayan katanga suna rantsuwa cewa su ba su taɓa zarginsa ba. Ɗaya ma ya tambaya ko akwai abin sha mai sanyi.

Sai da na shiga jami'a wata ƙawata mai karatun likita ta gaya mini cewa wanda bai taɓa ɗanɗana giya ba ma kitse na taruwa a hantarsa, kuma sukarin lemon kwalba hanta ce ke mayar da shi kitse. Ƙwayar bitamin ba ta wanke shi.